Kundin Fitattun Waƙoƙin Queen: Yadda Ake Bambance Su Kafin a Saya

Kundin fitattun waƙoƙi faifai ne da ake tattara waƙoƙin da suka fi karɓuwa daga cikin ayyukan mawaƙi ko ƙungiyar mawaƙa, domin amfanin wanda ba zai iya bin faya-fayensu ɗaya bayan ɗaya ba. A fagen kiɗan rock, wato kiɗan da aka gina kan jitar lantarki da ganguna, na ƙungiyar Queen ta Birtaniya yana sahun gaba wajen shahara. Sai dai kundayen Queen suna da yawa, kuma wasunsu suna ɗauke da suna iri ɗaya alhali waƙoƙin cikinsu sun sha bamban. Mai saye zai iya biyan kuɗinsa ya isa gida, sannan ya tarar babu waƙar da ta sa shi sayen.

Su wane ne Queen

An kafa ƙungiyar a Landan a 1970. Mutum uku ne suka fara ta: Freddie Mercury mai rera waƙa da kaɗa fiyano, Brian May mai kaɗa jita, da Roger Taylor mai ganguna. John Deacon, mai jitar bas, ya shigo a 1971. An haifi Mercury a tsibirin Zanzibar a 1946 da sunan Farrokh Bulsara, iyalinsa kuma suka ƙaura zuwa Ingila a 1964. Ya rasu ranar 24 ga Nuwamba, 1991.

Tsakanin 1973 da 1995 Queen ta fitar da faya-fayan situdiyo 15. Ko wanda bai san sunan ƙungiyar ba, in dai yana kallon ƙwallon ƙafa, da wuya a ce bai taɓa jin "We Are the Champions" ba, domin ita ake yawan sakawa lokacin miƙa kofi.

Kundi na farko, 1981

Kamfanin EMI ya fitar da Greatest Hits a Birtaniya a watan Oktoba na 1981. Yana ɗauke da waƙoƙi 17 da suka fito tsakanin 1974 da 1980. Ya buɗe da bakandamiyar ƙungiyar, "Bohemian Rhapsody", waƙar 1975 mai tsawon kusan minti shida wadda ta yi mako tara a saman jadawalin waƙoƙin Birtaniya, ya rufe da "We Will Rock You" da "We Are the Champions". A tsakani akwai "Killer Queen", "Somebody to Love", "Don't Stop Me Now" da "Another One Bites the Dust".

Wannan shi ne faifan da aka fi saya a tarihin Birtaniya. A 2022 aka tabbatar cinikinsa ya kai kwafi miliyan 7 a ƙasar kaɗai. Ga wanda yake son sanin Queen da faifai guda, nan ne mafarin da ya fi dacewa. Iyakarsa ita ce ya tsaya a 1980, don haka babu komai a cikinsa daga shekaru 11 na ƙarshen rayuwar Mercury.

Suna ɗaya, ciki daban

A nan ne ruɗani ya fi yawa. A wancan zamani kamfanoni daban-daban ne ke riƙe da haƙƙin sayar da waƙoƙin Queen a ƙasashe daban-daban, kuma kowanne yana zaɓar waƙoƙin da suka yi kasuwa a yankinsa. Bugun Amurka na 1981, wanda kamfanin Elektra ya fitar, waƙoƙi 14 ne. An cire "Don't Stop Me Now", wadda ba ta yi wani tasiri a jadawalin Amurka ba a lokacin, aka saka "Under Pressure", wadda ƙungiyar ta yi da David Bowie. Bugun Japan kuma ya ƙunshi "Teo Torriatte", wadda aka rera wani sashenta da Japananci.

Bayan kamfanin Hollywood Records ya karɓi haƙƙin a Amurka, ya fitar da kundaye biyu a 1992. Na farko shi ne Classic Queen, wanda ya zo daidai lokacin da fim ɗin Wayne's World ya sake farfaɗo da "Bohemian Rhapsody" a ƙasar. Na biyu, mai jan bango, an sa masa suna Greatest Hits, amma babu "Bohemian Rhapsody" a cikinsa, domin an riga an saka ta a na farkon. An tsara su ne a saye su tare. Wanda ya ɗauki mai jan bangon shi kaɗai ya rasa waƙar da aka fi sanin ƙungiyar da ita. A 2004 an fitar da bugun Amurka mai bin jerin waƙoƙin bugun Birtaniya.

Kundi na biyu da na uku

Greatest Hits II ya fito a ƙarshen Oktoba na 1991, ƙasa da wata guda kafin rasuwar Mercury. Shi ma waƙoƙi 17 ne, daga 1981 zuwa 1991, ciki har da "Radio Ga Ga", "I Want to Break Free", "Innuendo" da "The Show Must Go On". Salon kiɗan ya sauya a wannan zango, inda na'urorin sauti na lantarki suka samu wuri sosai. An kuma ɗan taƙaita wasu waƙoƙin domin su shiga faifan CD guda. Wanda ya haɗa na farko da na biyu ya mallaki kusan duk abin da ya sa sunan Queen ya zagaya duniya.

Greatest Hits III, na watan Nuwamba 1999, yana buƙatar lura. Ba dukkan waƙoƙinsa ne na ƙungiyar da mutanenta huɗu ba. Akwai waɗanda Mercury ya yi shi kaɗai, da "Barcelona" wadda ya rera tare da mawaƙiyar Sifaniya Montserrat Caballé, da waƙar Brian May ta ƙashin kansa. Akwai "Somebody to Love" da muryar George Michael daga taron tunawa da Mercury na 1992, da "The Show Must Go On" da muryar Elton John, da sabon haɗin da Wyclef Jean ya yi wa "Another One Bites the Dust". Kundi ne na wanda ya riga ya san ƙungiyar yana neman ƙari. Bai dace a fara da shi ba.

Sauran zaɓuɓɓuka

A 2000 aka haɗa kundayen uku cikin kwali ɗaya mai suna The Platinum Collection, waƙoƙi 51 a faya-fayai uku. Shi ya fi cika, kuma ya dace da mai doguwar tafiya a mota ko mai son ajiye abu guda ya huta.

Absolute Greatest na 2009 ya matse tarihin ƙungiyar cikin waƙoƙi 20 a faifai ɗaya. Fa'idarsa ita ce ya haɗa zangunan biyu. Farashin hakan shi ne an bar wasu manya a waje, har da "Innuendo", wadda ta hau saman jadawalin Birtaniya a 1991.

Akwai kuma faifan waƙoƙin fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018, wanda Rami Malek ya ci kyautar Oscar da shi. Darajarsa tana cikin sautin wasan Live Aid da aka yi a filin Wembley ranar 13 ga Yuli, 1985, domin tara gudummawa ga waɗanda yunwa ta addaba a Habasha. Da dama daga waƙoƙinsa na dandali ne, ba na situdiyo ba, saboda haka ba zai maye gurbin kundin 1981 ba.

Abin da za a duba

Abu na farko shi ne jerin waƙoƙin da ke bayan kwali, domin shi ne shaida, ba sunan da ke gaba ba. Na biyu shi ne shekara da kamfani: EMI ko Parlophone na nuna bugun Birtaniya, Elektra ko Hollywood na nuna na Amurka. Na uku shi ne ingancin sauti. A 2011, albarkacin cikar ƙungiyar shekara 40, an sake tace sautin waƙoƙinta, kuma galibi wannan tacewar ce ake samu a manhajojin sauraron waƙa ta intanet. Na huɗu shi ne a guji faifan jabu mai cushe da ɗaruruwan waƙoƙi, domin akan matse sautin har ya rasa kaurinsa, a kuma cakuɗa na dandali da na situdiyo ba tare da bayani ba.

Ya kamata a kuma san cewa kowane irin wannan kundi ma'aunin kasuwa ne. Yana ɗaukar waƙoƙin da aka fitar ɗai-ɗai suka yi ciniki, ya bar sauran. Daga waƙoƙi 12 na faifan A Night at the Opera na 1975, biyu kacal suka shiga bugun Birtaniya na 1981. "Love of My Life", wadda dubban 'yan kallo kan rera tare da Mercury a filayen wasa, ba ta cikinsu. Wanda kundin ya gamsar da shi, mataki na gaba shi ne ya nemi wannan faifan ya saurare shi daga farko zuwa ƙarshe, yadda masu shi suka jera shi.