Amarone

Amarone della Valpolicella, wadda aka fi sani da Amarone, jar giyar inabi ce mai ƙarfi da ake yi a yankin Valpolicella na lardin Verona, a arewa maso gabashin Italiya. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Italiyanci "amaro", wato ɗaci, domin a bambanta ta da Recioto, giya mai zaƙi ta wannan yanki.

Yadda ake yin ta

Ana amfani da inabi nau'in Corvina, Corvinone da Rondinella. Bayan girbi ba a matse inabin nan take, sai a shanya shi a ɗakuna masu iska na wata uku zuwa huɗu. A nan yake rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa, zaƙinsa ya ƙaru. Daga nan a matse shi, a bar shi ya tsimu har yawancin sukarin ya koma barasa. Shi ya sa ƙarfinta ba ya gaza kashi 14 cikin ɗari.

Ƙa'idoji

Doka ta tanadi a ajiye ta aƙalla shekara biyu kafin a sayar, nau'in Riserva kuma shekara huɗu. Tun daga girbin 2010 take da shaidar DOCG, matakin inganci mafi girma na giyar Italiya.