Larabar Ɗalibi: Tarihin Neman Sanin Wanda Zai Yi Nasara a Karatu

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Na fara waswasin wannan karin magana ina aji biyar na firamare, ranar da wani malaminmu ya dubi yaron da muke zama benci ɗaya, ya ce masa gara ya koma kiwo, domin kansa ba ya ja. Kafin zangon ya ƙare yaron ya daina zuwa. Hasashen malam ya tabbata, amma har yau ina tambayar kaina: gaskiya ya hango, ko kuwa bakinsa ne ya kama yaron? Da na girma na shiga karatun tarihi, sai na tarar masana sun shafe fiye da shekara ɗari suna kokawa da wannan tambaya.

A 1905, Alfred Binet da abokin aikinsa Théodore Simon suka fito da gwajin basira a Faransa. Manufarsu ita ce gano yaran da ke shan wahala a aji domin a tallafa musu. Binet bai yarda cewa basira aba ce da ba ta ƙaruwa ba. Amma da gwajin ya haye teku zuwa Amurka, sai ya sauya kama. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya yi masa kwaskwarima a 1916, yana mai ganin cewa galibi gadon basira ake yi. A 1921 ya fara bin diddigin yara kusan 1,500 a jihar Kalifoniya, waɗanda suka yi zarra a gwajin. Da yawansu sun yi karatu mai zurfi, sai dai ba duka suka kai inda aka zata ba. Da aka kwatanta waɗanda suka fi ɗaukaka da waɗanda suka tsaya a hanya, sai aka ga tazarar basirarsu kaɗan ce. Abin da ya fi raba su shi ne naci, da irin gidan da suka tashi.

Daga nan hankali ya koma kan makaranta. Dokar 'yancin jama'a ta Amurka ta 1964 ta umarci a binciki rashin daidaito a harkar ilimi, aka ɗora nauyin a kan James Coleman. Rahotonsa na 1966 ya ƙunshi ɗalibai sama da 600,000 a makarantu kusan 4,000. An sa ran zai nuna cewa ƙarancin kuɗi da gine-gine ne ke riƙe 'ya'yan baƙar fata a baya. Sai ya zo da ba-zata: bambancin kayan makaranta bai taka rawar da aka zata ba. Ilimin iyaye da halin gida sun fi tasiri, haka ma irin abokan da yaro ke zama da su a aji. Wani abu guda da ya fi jan hankalina a rahoton shi ne, ɗan talakan da ya yi imani cewa ƙoƙarinsa na iya sauya makomarsa ya fi samun sakamako mai kyau a kan wanda ya riga ya sallama. Ashe ba a banza aka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai ba, kuma Allah ya ce tashi in taimake ka.

Da a ce labarin ya tsaya nan, da ɗan manomi ya yanke ƙauna. Amma abin da aka gani a ƙasa mai wadata ba lallai ya dace da kowace ƙasa ba. Stephen Heyneman ya yi bincike a makarantun firamare na Yuganda a shekarun 1970, sannan a 1983 shi da William Loxley suka kwatanta ƙasashe 29. Sun gano cewa a ƙasashe matalauta, ingancin makaranta da na malami sun fi tasiri fiye da yadda suke yi a ƙasashe masu arziki. Dalilin a fili yake. Inda kowace makaranta ke da littattafai, ƙarin littafi ɗaya ba ya sauya komai. Inda kuwa yaro bai taɓa riƙe littafi a gida ba, wanda malam ya miƙa masa shi ne dukan jarinsa.

A nan tarihin ya iso ƙofar gidanmu. Na yi karatu a ajin da muka yi wa allo yawa, yawancinmu kuma iyayenmu ba su yi boko ba. A irin wannan aji, malami ba ɗan duba ba ne da ke faɗin abin da zai faru. Yana cikin abubuwan da ke sa ya faru. Maganarsa kan gina yarda da kai, ko ta rushe ta.

Abin da na tsinta shi ne, kowane zamani ya ɗauki ma'auni guda ya ce ya samo amsa, na gaba kuma ya nuna masa gejinsa. Basira na da rabonta, gida na da nasa, haka makaranta da naci. Amma duk waɗannan suna bayyana halin taro ne, ba su yanke wa yaro guda hukunci. Binet ya ƙirƙiri gwajinsa don a nemo wanda za a kama wa hannu. Inda malaminmu ya yi amfani da hasashensa ta wannan fuska, wataƙila da abokin zamana ya ga tasa Juma'ar.