Farantan Gilashi 120 da Kyamarar Aljihu

A shekarar 1914 wani jirgin ruwa mai suna Endurance ya tashi daga Ingila ya nufi Antaktika, can ƙurewar kudancin duniya inda ba a ganin komai sai ƙanƙara. Ayarin mutum 28 ne, madugunsu Ernest Shackleton, mai ɗaukar hotonsu kuwa wani mutumin Ostareliya, Frank Hurley.

Kayan aikin Hurley irin na wancan zamani ne: manyan kyamarori kamar akwatuna, waɗanda ke ɗaukar hoto a kan farantin gilashi, ga kuma ta majigi. Gilashi na fitar da hoto tangaran, sai dai ga nauyi ga saurin fashewa. Hotunan kuwa jari ne, domin da bashi aka shirya tafiyar, ana sa ran su za su biya.

A watan Janairu na 1915 ƙanƙara ta riƙe jirgin a tekun Weddell, ta yi ta matsarsa wata tara har katakonsa ya tsage. Ran 27 ga Oktoba suka fice daga cikinsa. Shackleton ya ce kada kayan kowa ya wuce laba 2. Amma Hurley bai haƙura ba. Ya koma jirgin, ya tuɓe riga, ya nutsa cikin ruwan nan mai daskarar da jini, ya tsamo gwangwanayen da ya liƙe farantansa a ciki.

Nan suka zauna bisa ƙanƙara shi da madugu, suna ɗaga faranti ɗaya-ɗaya. Suka ware 120, sauran wajen 400 Hurley ya farfasa su nan take, don kada zuciya ta raya masa ya waiwaye su. Manyan kyamarorin ma ya bar su. Ya riƙe fim ɗin majigin, da wata 'yar ƙaramar Kodak mai shiga aljihu, da naɗin fim uku kacal.

Da wannan 'yar kyamara ya ɗauki hotuna 38, har da na zamansu a tsibirin Elephant, inda suka kife ƙananan jiragensu suka mai da su ɗaki har ran 30 ga Agusta, 1916, da ceto ya zo. Ba wanda ya mutu cikin mutum 28 ɗin.

A 2022 aka gano Endurance kwance a ƙarƙashin teku, zurfin mita 3,008. Manyan kyamarori ne suka nuna wa duniya kyan jirgin da halakarsa. Amma wuyar da aka sha bayan haka, wadda aka raina ce ta shaide ta, domin ita kaɗai Hurley ya iya ɗauka ranar da kaya ya fi ƙarfin mai shi.