Daga dandali zuwa shagon gem: tarihin filin wasan yara a Kafanchan

Lokacin da layin dogo ya mai da Kafanchan mahaɗar jiragen Kaduna da Jos da Fatakwal a 1927, ma'aikata sun zo daga ko'ina, Hausawa da Ibo da Yarabawa, suka zauna cikin Fantswam da Bajju da sauran 'yan ƙasa. 'Ya'yansu ba su jira kowa ya gina musu wurin wasa ba. Wasan ne ke yanka wa kansa fili: masu dara su tona ramuka a ƙasa, 'yan mata su tsince tsakuwar carafke, 'yan langa su riƙe ƙafa ɗaya ta baya suna tsalle har wurin da aka ajiye alama.

Makarantun mishan da na gwamnati ne suka kawo fili mai iyaka, da raga da alƙalin wasa. Daga baya lilo da abin zamiya na ƙarfe suka shiga makarantun kuɗi, kusan iri ɗaya ko'ina. Sai kuma shagon gem, inda janareta ke ruri, yara sun cunkushe kan benci suna jiran layin PlayStation.

Abin mamaki, daga cikin masu ƙera waɗannan wasanni ne aka sami mai son mayar da yara waje. Keita Takahashi, ɗan Japan da ya ƙirƙiro Katamari Damacy a 2004, wasan da ake mirgina ƙwallo mai danƙo tana kwashe komai tun daga allura har gidaje, ya karɓi aikin tsara filin wasa a Woodthorpe Grange da ke Nottingham, Ingila, a 2009. Rashin kuɗi ya kashe aikin, amma tunaninsa ya tsira. Mai tsara gem yakan fara da tambayar abin da ɗan wasa zai yi, wace doka ce za ta sa ya so sake gwadawa, kafin ya taɓa maganar kaya. Haka dandali yake tun asali, kuma a ganina ya fi lilon ƙarfe sanin yaro.

Najeriya ba ta rasa masu wannan sana'a ba; Hugo Obi ya kafa Maliyo Games a Legas tun 2012. Kafanchan kuwa tana da Gidauniyar Fantsuam, wadda ta daɗe tana koya wa matasa kwamfuta. Ya kamata Ƙaramar Hukumar Jema'a ta keɓe fili tun magina ba su cinye sauran ba, ta bar waɗannan matasa su tsara shi tare da dattawan da suka san dokokin langa.