Kwalin Kasakasai a Fagge: Wa Zai Adana Kiɗan Fiyano?



Kwanakin baya muka ziyarci wani dattijo a Fagge, ya jawo mana kwalaye uku daga ƙarƙashin gado. Na farko fayafayen garmaho ne, har da na Alhaji Mamman Shata. Na biyu kasakasai, na uku fayafayen CD na waƙoƙin fim, waɗanda ya ce a Bata ya sayi yawancinsu. Duka waƙoƙin garinmu ne, amma rabinsu ba mu taɓa ji ba.

Waɗannan kwalaye tarihin unguwannin nan biyu ne. A sinimomin Rex da El Dorado na Sabon Gari, da Plaza ta Fagge, iyayenmu suka saba da waƙoƙin Indiya. Da fim ɗin bidiyo ya kankama a Kano bayan fitowar Turmin Danya a 1990, masu shiryawa suka buƙaci kiɗa mai araha. Maimakon a tara makaɗa da kalangu da sarewa, sai yaro ɗaya ya zauna gaban fiyanon Yamaha ya fitar da sautinsu duka. Sangaya, na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999, shi ya tabbatar wa 'yan kasuwa cewa waƙa ce ke sayar da fim. Daga nan aka sami abin da muke kira nanaye, Ƙofar Wambai da Bata suka cika da kaset, daga baya CD.

Sai waya ta zo. Masu tura waƙa suka gaje masu sayar da faifai, ka miƙa memori a loda maka ɗaruruwa. Sauƙi ya samu, amma an yi asarar bango. A bangon kaset ake ganin sunan kamfani da hoton mawaƙi, wani lokaci har da situdiyo da wanda ya buga kiɗan. A waya kuwa sai ka tarar da waƙa ba suna ba shekara, ko an laƙaba wa wani daban.

Mu leƙa maƙwabta. A 1978 Mamman Sani na Nijar ya naɗi kiɗan da ya buga da ogan mai lantarki a kaset. Kwafi kaɗan aka yi. Da babu wanda ya adana, da kamfanin Sahel Sounds na Amurka bai sake fitar da shi a 2013 ba. A shekarar ce kuma kamfanin ya buga Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa, a faifan garmaho. Wato abin da muke zubarwa a bola, wasu na jera shi a kanta.

Kaset ba ya son zafi, CD ba ya son ƙarzuwa, kuma gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris 2016 ta nuna mana yadda dukiyar shekaru ke zama toka a dare ɗaya. Dattijon nan ma rediyonsa ta lalace, 'ya'yansa kuma sun fara cewa kwalayen sun tare ɗaki.

Ga inda aikinmu yake. Marubucin da zai rubuta labarin soyayya na 2002 dole ya san waƙar da ke tashi a shagon mai shayi a lokacin. Wannan ba a ƙirƙirarsa. Duk mai irin wannan kwali a gidansu, ya ɗauki hoton kowane bango, ya rubuta sunaye da shekara, ya tambayi mai shi inda ya saya tun yana da rai. Mu dai mun yi alƙawarin komawa Fagge ranar Asabar da littafi da biro.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.