Maimaita awo a binciken halayyar ɗan Adam: tsayayyen rukuni da rukunin samfuri

Maimaita awo hanya ce ta bincike da ake gwada mutum ɗaya sau da dama, domin ya zama ma'aunin kansa. Kafin lissafi, wajibi ne mai bincike ya raba abubuwan da ke cikin gwajinsa gida biyu: tsayayyu da na samfuri. Ba'amurke Churchill Eisenhart ne ya fayyace wannan rabo a 1947, bisa hanyar lissafin da Ronald Fisher na Ingila ya yaɗa a littafinsa na 1925.

A ce an ɗauki 'yan kasuwa 30 a Kinkinau da ke Kaduna, ana gwada saurin lissafinsu da safe, da azahar, da bayan la'asar. Lokutan ukun tsayayyen rukuni ne, domin su ake son kwatantawa. Su kuwa mutanen rukunin samfuri ne, tamkar tafin hatsin da mai saye ke ɗiba domin sanin abin da ke cikin buhu. Hanyar rarrabewa ita ce a tambaya: idan za a sake binciken, me za a riƙe, me za a musanya? Wanda za a riƙe shi ne tsayayye.

Kuskure a nan yana da tsada. Awo 90 da aka samu daga mutum 30 ba daidai yake da awon mutum 90 ba, tun da mai saurin lissafi da safe yakan kasance mai sauri da yamma. Wanda ya manta da haka, lissafinsa zai ba shi tabbacin da bai dace ba. A 1973 Herbert Clark ya nuna cewa kalmomin da ake gwada mutane da su ma samfuri ne. Ɗaukarsu a matsayin tsayayyu kan sa a ga bambanci inda babu shi. Haka tambayoyin lissafin da aka yi wa 'yan kasuwar.

Yawan rukuni ma abin lura ne. Idan Kasuwar Barci da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi kaɗai aka shiga, biyu ba su isa wakiltar kasuwannin Arewa ba. Sai a ɗauke su tsayayyu, a taƙaita hukunci a kansu.

Don haka ma'aikacin da rahoton bincike ya iso teburinsa ya fara duba su wa aka gwada, sau nawa, kuma su wa sakamakon ya shafa, kafin a kashe kuɗin jama'a a kansa.