Garkar Gida a Lokacin Ɗari: Nazari a kan Gundumomin Madawa, Buza da Keita

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi ƙaramar garkar da iyali ke ci daga cikinta tsakanin Nuwamba da Fabrairu a gundumomi uku na jihar Tawa, a Nijar. Ta dogara da tarihin ayyukan raya karkara na yankin da kuma abin da aka sani game da halin tsirrai. Hujjarta ita ce, ɗorewar garkar ya rataya ne a kan zurfin ruwa, da kariya daga iska da dabbobi, da kuma ikon mata a kan filin da suke aiki, kuma cinikin albasa ya rufe idon masu tsara manufofi daga waɗannan abubuwa.

Gabatarwa

A ƙasashen Turai mai lambu yana fama ne da ƙanƙara. A ƙasar Adar ta jihar Tawa kuwa ɗari shi ne lokacin alheri, domin sanyin daren Disamba da Janairu ne ke bai wa salati da kabeji da karas damar yin kyau, shi ne kuma ke sa furen tumatir ya kama. Da zarar zafin Afrilu ya haura digiri 40, fure ya dinga kakkaɓewa ke nan. Saboda haka mai garka tsere yake yi da bazara: wanda ya yi renon iri a Oktoba ya dasa a Nuwamba zai ci, wanda ya makara kuwa zafi zai riske shi da ɗanyen amfani.

Noman rani tsoho ne a fadamun yankin, amma ya zama manufar ƙasa bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga jama'a su koma rijiyoyi da fadamu don cike giɓin damina.

Ruwan da garka ke sha

Ƙasar nan ta tuddai ce masu duwatsu, da kwaruruka a tsakaninsu. Ruwan damina kaɗan ne, kuma idan ya sauka a kan tsandauri sai ya kwarara da gudu ya yi zaizaya. A shekarar 1984 aka soma aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumar FAO da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An jera duwatsu a gangare, an haƙa ramukan dasa itatuwa, an gina ƙananan madatsu a bakin koramu. Amfanin wannan ga mai garka a fili yake: ruwan da aka rage wa gudu yana nutsewa, ya cika rijiyar da za a ɗiba a Janairu. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, ana biyansu da abinci, domin maza sun tafi cin rani. Masaniyar tarihi Benedetta Rossi ta yi bayanin wannan aikin ƙarfi a littafinta na 2015 a kan Adar, kuma bai kamata a yi maganar nasarar Keita ba tare da ambaton matan ba.

A kwarin Tarka, wajen Madawa, ruwa ba shi da nisa. Aikin da Tarayyar Turai ta tallafa a shekarun 1990 ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injinan ban ruwa, albasar Galmi ta bunƙasa, har tana cika kasuwannin Gana da Kodibuwa. Wannan arziki ne na gaske. Sai dai inji da guga daga ruwa ɗaya suke sha. Idan injinan manyan garake suka wuni suna zuƙa a ƙarshen ɗari, rijiyar hannu ce ke fara nuna laka, kuma mai ita ba ta da kuɗin ƙara zurfi. A nan hanyoyin tattali ke da muhimmanci: fangali mai zurfi da ke riƙe ruwa, da takin gida, da shimfiɗa ciyawa a gindin shuka, da yin ban ruwa da sassafe ko da marece.

Iska da awaki

Iskar hunturu tana busar da fangali, tana kuma ƙona ganyen dashe. A kwarin Majiya, cikin gundumar Buza, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sun fara dasa layukan dogon yaro a 1975, layi biyu-biyu, da tazarar kimanin mita 100. An yi su ne don gonakin hatsi, amma darasin ya shafi garka: darnin kara ko shingen zogale a gefen gabas da arewa yana rage yawan ban ruwa. 'Ya'yan dogon yaron ma, idan aka daka aka jiƙa, suna korar ƙwari, ko da yake ba su isa su tsayar da tsutsar tumatir da ta addabi Nijar da arewacin Nijeriya a 2016 ba.

Bayan girbi hukuma kan sa ranar sakin dabbobi, daga nan kuwa garkar da ba ta da shingen ƙaya ta zama ta awaki.

Wa ke da filin?

Wannan ce tambayar da ta fi damun mai wannan nazari. Mata da yawa aron fili suke yi, ko daga miji ko daga mai gari. Wadda ba ta san ko za a bar mata wurin baɗi ba, ba za ta dasa zogale ko ta sa siminti a rijiya ba. Dokar ƙasar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye masu ikon rubuta shaidar aro da kyauta, don haka hanyar gyara tana nan.

Saura batun lissafi: ana ƙidaya albasa da buhu da mota, ana gina mata rudu don jiran farashi. Salatin da yara suka ci, da kauɗar tumatir da gabun da aka shanya don miyar bazara, ba sa bi ta kasuwa, shi ya sa ba sa shiga lissafi. Ya dace cibiyar binciken noma ta INRAN da majalisun manoma na jihar Tawa su riƙa auna zurfin rijiyoyin hannu wata-wata daga Nuwamba zuwa Maris, a ƙauyukan da ke kusa da injina da waɗanda ke nesa da su, tare da rubuta abin da kowace garka ta zuba a tukunyar gida.